Ranar da Don Baldomero Ya Kai Kaka Yawon Teku

A Jerez an yi masu cika baki iri-iri, amma in ana lissafinsu da Don Baldomero Berrocal ake farawa, sauran duk 'yan koyo ne. Shi da hancinsa yake taƙama. Cewa yake in aka buɗe kwalba a wancan ƙarshen titi, daga inda yake zaune zai faɗa maka gonar da aka tsinko inabin, da shekarar, da ko wanda ya tattake shi ya wanke ƙafa. A shagon giyar Tomasa yake wannan wa'azi kullum da hantsi, kuma bai taɓa rasa masu saurare ba, don mutane ba sa gajiya da kallon kyauta. An taɓa zuba masa ruwan da aka jiƙa zaitun, ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce wannan ta haura shekara arba'in, sai dai an yi mata rowar inuwa.

Gidansu tsohon gidan giya ne, ba wani babba ba. Abin da ya riƙe musu suna ganga ɗaya ce tak, wadda duk gari ke kira Kaka. Tana kwance a ɗakin can ƙurya, cikin duhu da saƙar gizo, tun zamanin kakansu ba wanda ya taɓa gusa ta. Sau ɗaya a shekara ake ɗibar kaɗan, a cike gurbin daga gangar da ke bi mata a tsufa, ita ma a cike ta daga ta bayanta, haka har a iso kan ta bana. Don haka duk wanda ya taɓa riƙe gidan akwai guntun aikin hannunsa a cikin Kaka. Zaƙi babu shi ko na hana rantsuwa. Ɗaci-ɗaci gare ta, gishiri-gishiri, ga ƙamshin tsohon itace, in ka kurɓa da safe sai yamma ta same ka kana tanɗar baki.

Da ubansu zai rasu, ya bar wa babbar 'yarsa Doña Casilda mabuɗin ɗakin, ya bar wa Baldomero sanda da malafa. Wannan rabo ya tsaya wa Baldomero a rai har ya yi furfura. Casilda mace ce mara yawan magana, ba ta yi aure ba, mutane kan ce ai gangar ta aura. Shi kuwa duk inda ya zauna sai ya faɗa cewa tsoho ya ruɗe ne a ƙarshen ransa, in ba haka ba wa zai bar hanci irin nasa ya ba mace mabuɗi. Burinsa a duniya bai wuce ya ga mabuɗin nan a hannunsa ba, gari ya shaida shi ya cancanta tun farko.

Ana nan sai Casilda ta yi ciwon gwiwa, ta ɗauki alkawarin in ta warke za ta bi ayarin masu ziyarar ibada zuwa Rocío. Ta warke. Babban ma'aikacin gidan shi zai kora mata shanun amalanke, tafiyar kuma ta kusa mako. Ta duba hagu ta duba dama, ba wanda za ta bar wa gida sai ƙanenta. Ta miƙa masa mabuɗin kamar mai miƙa wa likita haƙori.

"Aiki uku ne," in ji ta. "Ka yayyafa wa ƙasa ruwa da safe. In iskar teku ta taso ka buɗe tagogi, in ta gabas ce mai zafi ka rufe. Na ukun, kada ka yi komai."

"Yaya, ni za a koya wa raino? Tun ina zanen goyo nake rarrabe giya da hanci."

"Na sani. Shi ya sa na ƙara na ukun."

Ƙurar amalankenta ba ta kwanta ba ya rataya mabuɗin a wuya, a saman riga inda za a gani, ya nufi shagon Tomasa. A nan ne Frasco mai alfadarai, wanda bai nufi kowa da sharri ba, ya kawo hirar kakansa. Ya ce a da can akan loda ganguna a manyan jirage su je Havana su dawo, kuma giyar kan dawo ta ninka tsufa, don jijjigar teku tana yi mata a wata guda abin da duhun ɗaki ke yi a shekaru.

Baldomero ya ajiye kofi a hankali. Abin nema ya samu. Ya miƙe ya sanar wa shago cewa abin da ke damun Kaka barci ne, an bar ta kwance kamar gawa saboda gidan ya faɗa hannun matsorata. Zai kai ta El Puerto, garin da ke bakin teku, ya ɗora ta a jirgi ta zaga bakin teku wuni guda, ta dawo da ƙarin shekara talatin. Ranar da ayari zai dawo kuwa zai buɗe ta a dandali, kowa ya kurɓa, a gaban yayarsa, a ga wanda ya kamata a bar wa mabuɗi.

"Don Baldomero," in ji Tomasa tana goge tebur, "tsohuwar da ta kusa ɗari za ka ɗora a jirgi? Uwata tana da tamanin, in aka juya ta a gado sai ta kwana tana zagi."

"Ke sayar da giya kika iya, Tomasa. Ni saninta na yi."

"Ranka ya daɗe. Ni dai a ajiye mini wuri a sahun gaba."

Washegari Frasco ya zo da amalanke da ƙarti huɗu, nan take aka gano matsala ta farko. Kaka ta fi ƙofar faɗi, don ita aka fara ajiyewa kafin a gina ɗakin a kewaye ta. Ƙartin suka ce to a haƙura. Baldomero ya ce ashe bangon yaro ne a gabanta, kuma a gidansu yaro ke ba babba hanya. Aka kawo guduma. Kafin rana ta take, ƙofar da gefen bango suna ƙasa, ƙura ta turnuƙe, gizo-gizon da suka gaji wurin kaka da kakanni suna neman mafita ta cikin rigunan ma'aikata.

Da aka mirgina ta karon farko, sai aka ji wani gurnani daga cikinta kamar cikin wanda ya ci wake da dare. Lakar da ta yi shekaru tana kwanciya a gindinta ce ta tashi. Ƙartin suka kalli juna. Baldomero ya kanga kunne a jikin itacen, ya ɗago da murmushi ya ce su ji da kyau, farkawa ta yi.

Titunan unguwar na duwatsu ne, amalanken Frasco kuwa ba ya tafiya sai da rawa. Ba su wuce layi biyu ba ɗamarar ƙarfe guda ta zame, ɗigo ya fara bin bayansu. Ƙamshin ya riga su isa ko'ina. Mai ɗinkin takalma ne ya fara fitowa da kofi, yana cewa zunubi ne a bar albarka ta zuba a ƙasa. Sai matan da ke wanki suka biyo da kwanuka, sai mai aski da wanda yake yi wa askin, kumfa a rabin fuska. Mutanen da suka tsufa suna jin labarin Kaka ba su taɓa ganin ko launinta ba, ga su yau suna tafiya a duƙe bayan amalanke suna turereniya. Baldomero yana zaune a gaba kusa da Frasco, ya waiwaya ya ga taro, ya ɗaga malafar ubansa yana gaishe su. Ya ce wa Frasco ya duba yadda gari ya fito rakiyar mai ilimi.

Sai da suka fita gari Frasco ya iya shawo kansa ya sauka ya duba. Ya ce ba komai ba ne, gumi take yi. Duk da haka ya shiga wani ɗan coci a bakin hanya ya roƙo guntayen kyandir, ya narka ya liƙe wurin. To a ranar ne iskar gabas ta ga damar tasowa, mai zafin nan da ke sa karnuka su daina haushi. Kyandir ya narke ya bi giyar. Itacen da bai taɓa ganin rana ba ya fara ƙara yana tsattsagewa. Baldomero ya sa aka cire bargon alfadari, aka tsoma a kwamin shayar da dabbobi, aka lulluɓe ta da shi. Haka Kaka ta shiga El Puerto tana warin gumin alfadari.

A bakin ruwa duk jiragen masunta a ɗaure suke, don ba mai hankalin da ke fita in wannan iska na kaɗawa. Aka kai shi wurin wani masunci, Nicasio, wanda aka ce ya fi kowa taurin kai. Nicasio ya saurara, ya kalli gangar, ya kalli sama, ya ce a dawo jibi. Baldomero ya ce ai haukan ruwan shi ne maganin, in teku ta kwanta me zai jijjiga ta. Da Nicasio ya juya zai tafi, sai ya ɗaga murya yadda matan da ke gyaran koma za su ji, ya ce daman an faɗa masa mazan El Puerto ko ruwan wanka sai an riƙe musu hannu.

Nicasio ya tsaya. Ya dawo a hankali, ya kwance igiya.

"Hau, maigida."

Da farko abin ya yi daɗi. Baldomero ya tsaya a gaban jirgi, hannu ɗaya a ƙugu, yana yi wa yaran jirgin bayanin yadda kowace igiyar ruwa take daidai da wata shida. Suna fita bakin kogi suka shiga teku sosai, bayanin ya fara gajarta, daga nan ya tsaya. Fuskarsa ta koma launin ganyen kabeji. Igiyar da aka ɗaure Kaka da ita ta tsinke, ta shiga safa da marwa tsakanin wannan gefe da wancan, tana murƙushe kwandunan kifi, masunta na tsalle suna kauce mata. A mirginawa ta uku toshiyar bakinta ta yi tsalle ta faɗa ruwa. Kaka ta yi aman giya, teku ta watso ta mayar mata da ruwan gishiri.

A nan kam Baldomero ya yi jarunta, a ba shi haƙƙinsa. Ya faɗa kanta ya rungume, ya cusa babban yatsa a ramin, ramin ya fi yatsa. Ya tuɓe safa ya cusa. Haka ya wuni kwance a kanta, ƙafa ɗaya ba takalmi, in ta mirgina ya mirgina, yana juya kai gefe yana mayar wa teku karin kumallonsa. Su kuma masunta magani ɗaya suka sani na duk abin da ke yoyo a jirgi. Suka ɗumama kwalta, suka kawo tsumman igiya, suka bi duk wata tsaga ta jikin Kaka suka ɗura, suka shafe ta tas kamar yadda za su yi wa gindin jirginsu. Yoyo dai ya tsaya.

Can da ya sami numfashi, ya ɗago ya tambayi Nicasio shekara nawa yake ganin ta ƙara zuwa yanzu.

"Ita ban sani ba, maigida. Kai dai ka ƙara ashirin."

Da suka sauka ya ƙwanƙwasa cikinta, ta amsa masa da muryar wofi tun daga sama har kusan tsakiya. Wani zai zauna ya yi kuka. Shi kuwa ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ai daman a gidansu tsohuwa ke yi wa yarinya tarbiyya. Ya sa aka ja ta zuwa wani shagon 'yan dako da ke bakin ruwa, aka cika ta da giyar bana, irin wadda ake sha a tsaye a yamutsa fuska. Frasco ya tambaya a hankali, in ɗaliban sun fi malamar yawa fa, ita malamar kuma ta sha ruwan teku? Baldomero ya ce masa ya tsaya kan alfadarai, nan ne Allah ya yi masa baiwa.

Ranar dawowar ayari dandali ya cika tun da hantsi. An kafa Kaka a kan wasu katakai, baƙa wuluk tana ƙyalli, ƙudaje na kewaya ta. Tomasa ta zo da kujerarta ta zauna a gaba kamar yadda ta roƙa. Fada na cocin unguwa ma ya zo, don shi ma bai taɓa kurɓa ba. Baldomero ya fito da kwat ɗin bikin aure, ya yi jawabi mai tsawo a kan tsoro da abin da yake jawo wa manyan gidaje. Sannan ya ɗauki ludayin nan mai dogon mariƙi da ake zurawa ta bakin ganga, ya ɗebo, ya ɗaga sama da kansa zai tsiyayo a kofi irin na gwanaye. Rabi ya sauka a takalmin fada, rabi a hannun rigarsa. A karo na biyu ya sami kofin.

Abin da ke ciki launin ruwan kwata ne bayan ruwan sama, da wani maiƙo yana yawo a kai, da ɓawon kifi guda yana juyi. Baldomero ya kai hanci, hancin da kansa ya ja da baya. Amma ido ya yi yawa. Ya rufe ido ya shanye, maƙogwaronsa ya hau ya sauka ya sake hawa, hawaye suka zubo masa. Ya ce hawayen farin ciki ne, don bai taɓa jin zurfi irin wannan ba.

Aka zuba wa fada. Ya kurɓa, ya riƙe a baki yana neman inda zai tofar ba tare da ya zubar da girma ba, daga ƙarshe ya juya ya ba tukunyar fure. Mai ɗinkin takalma ya ce shi da ya sha ta ɗigo a hanya ya san abin da aka kashe, ya cire hula. Tomasa ta tsoma yatsa kawai ta lasa.

"Ni na ji teku," in ji ta. "Na ji jirgi, na ji alfadari, na ji ƙafar wani. Kakar ce dai ban ji ba."

"Harshenku ne bai kai ba. Wannan ba ta 'yan kasuwa ba ce."

Dariya ta ɓarke, kuma a cikinta ne amalanken shanu suka shigo dandali da furanni da ƙararrawa. Mutane suka dare gefe. Doña Casilda ta sauko a hankali, da ƙurar hanya a gyalenta. Ba wanda ya faɗa mata komai, ba ta kuma tambaya ba. Ta zo ta ɗora tafin hannu a jikin gangar, ta ɗago shi da kwalta. Ta sunkuya ta shinshina bakin, ta daɗe a haka. Da ta miƙe, dariyar ta mutu da kanta. Aikin uban nata ne da na kakanta da nata na shekara arba'in, duk an wanke gindin jirgi da shi.

Baldomero ya ga hanya biyu a gabansa, ya durƙusa ko ya ci gaba. Baki shi ke yanka wuya.

"Sannu da hanya, Yaya. Kin same ta ta ƙara shekara talatin."

"Ka sha?"

"Na sha."

"Ta fi yadda Baba ya bar ta?"

Ya kalli taro, taro na kallonsa. Ya gyara kwat.

"Nesa ba kusa ba."

Casilda ta gyaɗa kai. Ta juya ta ce wa fada da duk wanda ke wurin su zama shaida, daga yau Kaka ta ƙanenta ce, da mabuɗin da ɗakin da abin da ya rage na bangon. Tunda shi kaɗai ke da harshen da ya kai, haramun ce ga kowa, ba za a sayar ba, ba za a ba baƙo ba, ba za a zubar da ɗigo ba. Kofi da rana, kofi da dare, a teburinta, a gabanta. Tomasa ce ta fara tafi, dandali ya ɗauka, Baldomero kuwa da bai san abin yi ba sai ya ɗaga malafa.

Casilda ba ta sake leƙa ɗakin can ba. Ta zaɓi wata ganga daga cikin masu tasowa ta fara rainonta, tana sane sarai ba za ta ga tsufanta ba, kuma wannan ya ci ta fiye da yadda take nunawa. Amma lokacin cin abinci ba ta taɓa latti. Takan zauna da kofin ruwa, ta tsiyaya wa ƙanenta nasa daga tulu da hannunta, har baki, ta naɗe hannu tana kallo sai ya shanye ya gama tari.

Wata rana, bayan ya rame har kwat ɗin na yi masa yawo, ya ajiye kofin ya daɗe yana kallon tebur. Ta ga leɓensa na motsi, ta jira. Da ya ce tuba yake, da ta sa an fasa gangar a ranar.

"Yaya take yau, Baldo?"

Ya share ido, ya ɗago haɓa.

"Kullum ƙara kyau take, Yaya."

Ta jawo tulun.

"To ƙara."